Sarƙa a Tayar Motar Itace: Ina Amfaninta, Ina Ɓarnarta?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san wahalar da manyan motocin itace suke sha da damana. Motar da ta bar Yamai ta shiga daji ɗaukar itacen girki, in ruwan Agusta ya sauka, sai ta kafe a taɓo. Direba ya kwana a daji, mai itace ya kwana yana jiran kuɗinsa. Shi ya sa wasu suke cewa a ɗaura wa tayu sarƙa, kamar yadda masu yankan katako suke yi a Kanada da Suwidin.

Dabarar ta daɗe. Tun 1904 wani Ba'amurke, Harry Weed, ya yi rajistar sarƙar taya da sunansa. Aikinta shi ne ta huda laka ko ƙanƙara mai santsi, ta kama ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi. A fadama mai laka, haƙiƙa tana fid da mota. Ana ɗaura ta ga tayun da ke tura motar. In an yi 'yar tafiya, a tsaya a ƙara ɗaure ta. Da an hau kwalta sai a kwance ta, don kwalta na cinye sarƙa, sarƙa kuma na cinye kwalta.

Amma ka lura, yawancin ƙasarmu rairayi ne. A cikin rairayi babu tauri a ƙasa da sarƙa za ta kama. Sai taya ta yi ta haƙa har motar ta zauna bisa cikinta. Maganin rairayi shi ne a rage wa taya iska, a shimfiɗa faranti na ƙarfe a gabanta.

Ga kuma babbar ɓarnar. Mota mai sarƙa tana shiga inda da ba ta iya shiga. Tana tsinka saiwar geza da sabara, tana tattake 'yan itatuwa masu tasowa. Sawun da ta bari, ruwa shi yake bi. Bana sawu ne, baɗi ya zama kwazazzabo, ya nufo gonarka.

To, ga ra'ayinmu: mota ta tsaya bakin hanya, amalanke ya shiga daji. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, irin waɗanda aka fara a yankin Say, don mutanen ƙauye su sare itacensu bisa ƙa'ida, su tara shi wuri guda, ɗan kasuwa ya zo ya saya. Ke nan babu dalilin da zai kai mota tsakiyar daji. Jaki da shanu ba su yaga ƙasa kamar mota, kuɗin dako kuma yana zama cikin gari.

Saboda haka ku fid da busasshen itace tun da rani, kafin ruwan Yuni. Ku tara shi a tudu mai tsakuwa, kusa da hanya. In akwai wurin da motoci suka saba kafewa, ku yi gayya ku zuba masa duwatsu. Direba ya aje sarƙarsa don ranar larura a fadama, wannan ba laifi. Amma in kun ga mota mai sarƙa ta ratsa daji, ku gaya wa shugabannin kasuwarku da ma'aikatan gandun daji. Dajin naku ne, ku ne za ku zauna da kwazazzabon in motar ta koma Yamai.

Allah ya ba mu damana mai albarka.