Maƙerin Birki Da Alkawarin Hukumar Amurka

Ga wani al'amari na ƙasar Amurka wanda ya cancanci a tsaya a kansa, gama ya shafi ciniki da haƙƙin ma'aikaci.

A shekarar 1962, zamanin Shugaba Kennedy, Majalisar Amurka ta yi dokar rage kuɗin fito a kan hajar ƙasashen waje. A cikinta aka ɗaura alkawari, watau duk ma'aikacin da aka sallama saboda hajar waje ta kashe kasuwar maigidansa, hukuma za ta ciyar da shi wani lokaci, ta kuma koya masa wata sana'a. Hujjar a fili take. Jama'a duka ne ke cin ribar araha, saboda haka bai kamata hasarar ta faɗa kan mutum ɗaya ba. Amma fa aka tsananta sharuɗɗa ƙwarai, har ba a amsa kukan kowa a ƙarƙashin wannan doka ba sai a 1969. Dokar 1974 ce ta sassauta, ta ce ya isa idan hajar waje tana da hannu babba cikin sallamar.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen masu ƙera sassan mota. Mota ba ƙirar gida ɗaya ba ce. Wani kamfani ke yin birki, wani gilashi, wani kujeru, wani wayoyin lantarki, sa'an nan a kai wa Ford ko Chrysler ko General Motors su haɗa. A 1980, da man fetur ya yi tsada, ƙananan motocin Japan suka cika kasuwa, aka sallami ma'aikata bila adadin, kuɗin taimakon kuwa ya haura dala biliyan 1 da rabi a shekarar. To, amma doka ta ce sai abin da aka shigo da shi ya zama irin abin da ma'aikacin ke ƙerawa. Aka ce mota aka shigo da ita, ba birki ba. Da wannan aka hana da yawa daga ma'aikatan ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, alhali wanda ke ƙera irin birkin nan a masana'antar da ke hannun babban kamfani yana iya samu.

Kowane ɗan kasuwa ya san raunin wannan hukunci. Idan takalman waje suka kashe kasuwar baduku, ai majemi ma ya kwana da yunwa, ko da ba a shigo da fata ko ɗaya ba. Illa ɗaya ce ta same su, babu dalilin da zai sa hukuncinsu ya bambanta.

Sai a 2002 Majalisa ta gyara wannan sosai. Ta ce ma'aikatan kamfanin da ke sayar da sassa ga masana'antar da aka tabbatar ciniki ya cutar da ita su ma sun cancanta, muddin abin da suke kai mata ya kai kashi 20 cikin 100 na aikinsu ko cinikinsu, ko kuwa rashin cinikinta na da hannu babba cikin sallamarsu. A lokacin, ma'aikata uku sun isa su rubuta takardar kuka zuwa Ma'aikatar Ƙwadago, ko ƙungiyarsu ta rubuta musu, ita kuwa an yanka mata kwana 40 ta ba da amsa. Wannan gyara ya zo a kan kari, domin kamfanin Delphi, babban maƙerin sassa, ya karye a 2005, General Motors da Chrysler suka bi sahu a 2009. Daga baya taimakon ya kai mako 130 ga mai koyon sabuwar sana'a. Wanda ya kai shekara 50 kuwa, idan ya sami aiki mai ƙarancin albashi, a lokacin a kan cika masa rabin giɓin, har dala 10,000 cikin shekara biyu. Wannan na dattawa ya fi komai hikima, gama mai shekara 55 da wuya ya koma aji.

Sa'an nan wa'adin dokar ya cika, Majalisa ta ƙi sabunta ta. Daga ran 1 ga Yuli 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta daina duba sababbin takardun kuka. Masu suka suna cewa horon bai cika kai mutum ga albashi irin na da ba, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amma maganin horo mara kyau a gyara shi. Su kuma masu cewa ƙara kuɗin fito zai wadatar, sun manta sassan mota suna ƙetare iyakar Meziko da Kanada sau da yawa kafin a gama haɗa mota guda, har fiton kansa yana iya rufe masana'anta a Mishigan ko Ohayo. Wajibi ne Majalisa ta maido da dokar, tare da sharaɗin 2002 cikinta yadda yake.