Tsohuwar Motar Gado: A Sake Mata Kama, Ko A Bar Ta Yadda Take?

A ƙofar gidanmu da ke cikin birnin Kano, daura da Dutsen Dala, akwai wata tsohuwar bas ƙirar Volkswagen Kombi wadda ta shekara goma sha ɗaya a tsaye a gindin darbejiya. Marigayi mahaifinmu ya saye ta a 1978, tun ba a haife ni ba. Da ita ya yi ta jigilar atamfa daga Kantin Kwari zuwa kasuwannin ƙauye, ita ta kai mu makaranta, ita kuma ta kai 'yan'uwanmu mata ɗakunan mazajensu. Yau ta zama abin saɓani tsakanina da yayana. Ni ina so in tashe ta, in sa mata gado da tankin ruwa da akwatunan adana ganyaye, domin in riƙa fita da ita bincike a dajin Falgore da fadamar Baturiya, inda mutum yakan yi kwanaki bai ga masauki ba. Shi kuwa cewa ya yi: "Dakta, motar Baba ce fa. A wanke ta, a yi mata fenti irin nata, amma kada a kwance ko da noti ɗaya."

Na kawo wannan magana gaban ɗalibai da malamai ne saboda na lura ilmin halittu, wanda shi nake koyarwa, yana da abin cewa a kanta. Ra'ayina shi ne a gyara motar ta ci gaba da aiki, amma bisa sharuɗɗan da zan bayyana.

Da farko, mece ce "asalin kamar" da muke son karewa? An fara ƙera Kombi a garin Wolfsburg na ƙasar Jamus a 1950. Tun 1951 kamfanin Westfalia ya shiga yi mata kayan ciki na kwana da ajiya, domin matafiya su mai da ita ɗaki. A Legas ita ce ta zama danfo ta ɗaukar fasinja. A Brazil, inda aka daɗe ana ƙera ta, masu ita da kansu suka cire injin da iska ke sanyaya shi a ƙarshen 2005, suka sa mai lagireto wanda yake shan fetur ko man da ake tatsa daga rake. A watan Disamba na 2013 aka daina ƙera ta ɗungurungum, domin dokar ƙasar ta wajabta wa sababbin motoci jakar iska da birki mai hana taya cijewa daga 2014, ita kuwa ƙirarta ba ta karɓi waɗannan ba. Ashe ke nan sauye-sauye ne suka raya ta shekara 63, ranar da ta kasa sauyawa kuma ranar ta kwanta. Ɗalibin da ya karanta darasin yadda halittu suke daidaita da muhallinsu ba zai yi mamakin wannan ba.

Amma fa yayana bai yi magana a banza ba. Mu masu nazarin tsirrai muna da abin da muke kira samfurin asali. Idan aka gano sabon tsiro aka raɗa masa suna, sai a busar da reshe guda, a manna shi a takarda, a rubuta wuri da ranar da aka tsinko shi, a adana a ma'ajiyar tsirrai irin wadda ke Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan. Ba a yi masa kwaskwarima, domin shi ne shaidar da za a koma gare ta idan gardama ta tashi. Motoci ma suna da irin wannan. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Wanda ya toshe ramukan nan ya yi mata fenti, ya goge shaida ne. To, amma kukar da ke bayan gari ba samfurin asali ba ce. Ana yi mata sassabe, ana ɗibar ganyenta a yi miya, tana kuma sake toho. Motarmu tana cikin miliyoyin irinta da aka ƙera. Darajarta a wurinmu ta aikin da ta yi ce, tsayuwar da take yi kuwa ba adana ba ce: tsatsa tana cin ƙasanta kowace damina, ɓeraye sun gama da wayoyinta.

Sharaɗi na farko shi ne a fahimci jikin kafin a sa masa hannu. Mota kamar dabba take, kowace gaɓa tana dogara da 'yar'uwarta. Injin tsohuwar Kombi yana baya, ba shi da lagireto. An yi wa jikinsa zara-zaran fikafikai na ƙarfe domin a ƙara faɗin wurin da zafi zai fita, kamar yadda giwa take fitar da zafin jikinta ta faffaɗan kunnuwanta. Fanka ce take hura iska a kan fikafikan, wasu fallayen kwano kuma suna tilasta wa iskar bin hanyar da aka tsara mata. Sau da yawa bakanike yakan ga kwanukan nan sun tare masa hannu, ya cire ya yar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yakan haura digiri 40, injin da aka yi wa haka ba ya nisa. Haka nan wanda ya sa mata injin da ya fi nata ƙarfi bai duba birki da giya ba, ko ya ɗora mata tankin ruwa a kan rufi, ya ɗaga cibiyar nauyinta sama, to ya shirya mata kifewa a kwana. Garin neman gira an rasa ido.

Sharaɗi na biyu: duk canjin da zai kare rai yana gaba da son asali. Bel na ɗaure fasinja, da sababbin bututun man birki, da sababbin wayoyi, ba abin muhawara ba ne. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne hayaƙi. Fetur ko gawayi idan ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba yakan fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar oksijin, yana kama wannan guba da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mai barci ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Saboda haka motar da za a kwana a cikinta dole a liƙe ramukan ƙasanta, a gyara salansa, a buɗe mata mashigar iska, kuma kada a kunna kurfoti ko janareta a ciki kome tsananin hunturu.

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suna mai da motocinsu masu amfani da matsattsiyar iskar gas. Dabara ce mai kyau, amma matsin da ke cikin tukunyar ya kai kusan ninki 100 na wanda ke cikin tayar mota. Wannan ba aikin mai walda na bakin titi ba ne, tukunyar girki kuma ba ta ɗaukarsa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna ana iya cire injin fetur daga ƙananan bas a sa musu batir da injin lantarki. Ilmi ne ya bambanta irin wannan aiki da kasada.

Sharaɗi na uku daga tsoron yayana na samo shi. Ya sha ganin motocin da aka yanka da zumuɗi, kuɗi suka ƙare a tsakiya, ƙarshenta aka sayar wa 'yan gwangwan da awo. Don haka duk abin da za a ƙara, a ɗaure shi da noti yadda za a iya kwancewa, kada a yanka bodi. Kujerun da aka cire a adana su a soro, kada su bi hanyar Kasuwar Ƙofar Ruwa. A ɗauki hoton motar ciki da waje kafin a fara, a kuma buɗe littafi a rubuta kowane canji da ranarsa, kamar yadda muke rubuta littafin gwaji a ɗakin bincike.

Malaman kimiyya, akwai irin wannan mota a kusan kowace unguwa. Ku kai ɗalibanku garejin kanikawa su ga fikafikan injin da idonsu, sa'an nan ku tambaye su abin da ya haɗa su da kunnen giwa.

Mu dai mun tsaya a kan cewa launinta, da sitiyarinta, da "Allah Ya Kiyaye" da Baba ya sa aka rubuta a goshinta, ba za a taɓa su ba. Maganar gado da tanki kuwa, Yaya ya ce sai ya ga littafin tukuna. Na riga na sayo shi.