GYARA KAYANKA: In moto ya ƙi tashi da sanyin asuba

Ina gaishe ku daga Tanda, ƙasar Gaya, da fatan an ƙare girbi lafiya. Ga ɗari ya shigo, kowace safiya za ka ga masu moto suna ta buga kik har gumi ya karyo masu cikin sanyi. A kan wannan za mu yi magana wannan wata.

Bari in fara da abin da ya same ni. A 2022 na sayi wani tsohon moto don zuwa ƙauyen da ni ke koya ma manya karatu. Karatunmu na marece ne, ban saba tada shi da asuba ba. Ran nan cikin Janairu na 2023, gabanin kiran assalatu, maƙwabcina ya buga mani ƙofa. Ɗanshi na fama da zazzaɓi har yana shiɗewa, yana so in kai su asibitin Gaya. Na buga kik ya fi sau talatin, moto ko tari bai yi ba. Sai da munka tada wani ɗan kabu-kabu daga barci. Allah ya ba yaron lafiya, amma har yau ina jin kunyar ranar. Da gari ya waye na tura moton wurin makanike, ina zaton injin ya mutu. Ashe wayar cok ce ta tsinke daga ciki. Ina jan hannun a sama, can ƙasa ba abin da ke motsi. Kuɗin gyaran bai kai na tiyar shinkafa ba.

To, mi ne ne cok? Sunan da makanikan wajen Kamba da sauran Najeriya ke kiranshi ke nan. Namu na nan da na Malanvil, masu bin Faransanci, suna ce mashi sitata. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi ne maɓallin da a ke dannawa injin ya juya ba.

Injin ba ya cin isansi tsurarshi. Karburata ce ke gauraya shi da iska, wajen kashi 15 na iska da kashi 1 na isansi, in an auna da nauyi. Amma isansi ba ya kama wuta sai ya zama tururi. Da sanyi, mafi yawanshi sai ya lafe jikin ƙarfe kamar raɓa, abin da ya isa ga buji bai kai ya kama ba. Aikin cok shi ne ya ƙara yawan isansi na ɗan lokaci. Iri biyu ne. Akwai mai ɗan faifai da ke toshe hanyar iska, kamar na Honda CG 125 da ya fito a 1975, wanda motocin Sin da yawa sunka bi ƙirar injinshi. Akwai kuma mai buɗe wata ƴar hanyar mai ta dabam. Sabbin motoci marasa karburata ba su da cok, na'ura ce ke auna masu mai.

Ga yadda a ke yi da safe. Ka buɗe famfon mai, ka ja cok duka, ka kunna makulli, ka buga kik ba tare da murɗa totur ba. In ya tashi, ka bar shi ya ɗan yi ɗumi, ka maida cok rabi, bayan minti 1 ko 2 ka maida shi wurinshi. In alamar da ke jikin hannun cok ta goge, ka cire robar da ke kawo iska ka leƙa bakin karburata, ka ga wane gefe ke rufe faifan.

In an yi haka bai yi ba, cok ɗin da kanshi zai gaya maka inda ciwon ya ke.

Na 1: Ka ja cok, ka buga, bai tashi ba. Ka cire buji ka duba. In a bushe ya ke, mai bai isa ba. Ka duba wayar cok, da famfon mai, da tiyon da ke sauka daga tanki. In kuwa a jiƙe ya ke yana warin isansi, mai ya yi yawa. Ka goge shi ya bushe, ka maida cok wurinshi, ka murɗa totur har ƙarshe, ka buga. In buji ba ya ba da wuta shuɗiya, a canza shi.

Na 2: Yana tashi da cok, amma da ka saki sai ya mutu, ko da injin ya yi zafi. Wannan ba laifin cok ba ne. Akwai wani ɗan bututun tagulla cikin karburata, jiklar ta ralanti, hudarta ba ta kai kaurin allura ba. Ƙurar hunturu da dattin isansin kwalba ke toshe ta. A wanke ta da isansi, a hura ta da famfon taya. Kada a soka mata allura, hudar za ta ƙaru. A duba kuma robar da ke tsakanin karburata da injin, in ta tsage tana satar iska.

Na 3: Salansa na fidda baƙin hayaƙi, buji ya yi baƙi kamar gindin tukunya, moto ba shi da ƙarfi, tanki ba ya daɗewa. Cok ne ya maƙale, ko matatar iska ta cika da ƙura. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa a nan ya san zafin kuɗin lita. Mai yawo da cok a jaye, guminshi ya ke ƙonawa.

In duk wannan lafiya amma yana wuyar tashi da safe, a kai ma makanike ya auna supap, wato bawul, injin na sanyi.

Abu biyu ina roƙonku. Kada a kusantar da garwashi ga injin wai don ya yi ɗumi. Kada kuma a tada moto cikin ɗaki a rufe, hayaƙinshi na kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Kai kuma mai shirin sayen tsohon moto, kada ka yarda da gwajin tsakar rana. Ka sammaka ma mai shi, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sa'an nan ka ce a tada a gabanka. Ni da na yi haka, da maƙwabcina bai tsaya bakin ƙofata da yaro a kafaɗa ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.