DAGA LOKESHIN: In Annoba Ta Shigo Gari, Yaya Za A Yi Da Tafiya Da Cin Abincin Hanya?

Wannan watan zan ɗan ajiye zancen wane ya fito a fim ɗin wane, don akwai maganar da ta daɗe ta na ci na a rai, kuma ta shafi 'yan fim da 'yan kallo baki ɗaya.

Duk wanda ya san industiri ya san cewa rabin rayuwar ɗan fim a kan hanya ta ke. Yau Kano, gobe Kaduna, jibi Jos. Abincin sa kuwa na mai shayi ne da mai tsire da gidajen abinci na bakin titi. To a irin wannan rayuwa cutar korona ta same mu. An fara samun ta a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas, ta iso Kano cikin Afrilu, aka kulle gari, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Shutin ya tsaya cak. Wasu a cikin mu su ka dinga cewa ai ciwon Turawa ne. Sai ga shi Tom Hanks ya kamu a Ostireliya a watan Maris, cikin Yuli kuma aka kwantar da Amitabh Bachchan da ɗan sa Abhishek a asibiti a Mumbai. Ciwon da ya kwantar da Amita, wa zai bari?

Bari in ba ku nawa labarin. A Disambar 2020, lokacin da cutar ta dawo karo na biyu, na bi wasu 'yan fim lokeshin don in ɗauko rahoto. Mu goma sha takwas a bas ɗaya, ga sanyin hunturu, kowa ya zuge gilashi. Yaron da ke riƙe fitila ya na ta tari tun daga tasha. Na ce masa, “Ƙanena, anya ba ka haƙura da tafiyar nan ba?” Ya ce, “Yaya, mura ce kawai. In na zauna a gida wa zai ba ni kuɗin cefane?” Wallahi sai na rasa amsar da zan ba shi.

Da mu ka tsaya cin abinci, aka kawo ruwa a roba ɗaya, duk mu ka tsoma hannu a ciki. Moɗa ɗaya mu ka sha ruwa da ita. Ɗakin kuwa ko taga babu. Kwana huɗu da dawowa ta zazzaɓi ya rufe ni, na daina jin ƙamshin komai, ko turare aka fesa. Ni dai ƙuruciya ta taimake ni, na miƙe. Amma Hajiyar mu, wadda ke fama da ciwon suga, ita ce ta kwashi rabon ta a wuri na, sai da ta yi kwana tara a gadon asibiti. Allah ya tashi kafaɗun ta, amma har yau in na tuna cewa ni na kai mata ciwon har ɗaki, sai jiki na ya yi sanyi.

Na san wani zai ce ai korona ta wuce. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan ta a watan Mayu na 2023. Sai dai ba ita kaɗai ce annoba ba. Mun ga kwalara a 2021, mun ga yadda mashaƙo ya addabi Kano a 2023, zazzaɓin Lassa kuma kusan duk rani sai ya leƙo. Korona da mashaƙo ta tari da numfashi su ke bi, kwalara ta gurɓataccen ruwa da abinci, Lassa kuwa ta abincin da ɓera ya yi wa fitsari ko kashi. Don haka ga abin da na koya, a kuma wahale na koye shi.

Na farko, in ka na zazzaɓi ko tari, ka zauna a gida. Furodusoshi kuma ku ji tsoron Allah, in yaro ya ce ba shi da lafiya a ba shi ɗan wani abu ya je ya yi magani, kada a ce an sallame shi. Yunwa ce ke sa mara lafiya hawa mota.

Na biyu, a cikin mota a bar iska ta na shiga. Gara ƙurar hunturu da numfashin mutum goma sha takwas. In ana annobar tari, a sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ba a rataye shi a haɓa kamar kwalliya ba.

Na uku, a gidan abinci ka nemi benci a waje ko kusa da taga. Ka ce a zuba maka ruwa da buta, ka wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20, robar taron nan ka bar ta. Ka ci abin da aka sauke da zafin sa. Salak da yankakken kankana da su ka wuni a buɗe, ka kau da kai. Ruwan sha kuwa ka riƙe naka.

Na huɗu, 'yan kallo, in kun ga jarumin ku ya na cin abinci, ɗaga hannu daga nesa ya wadatar. Ba sai mutum talatin sun rufe shi don ɗaukar hoto ba. Masu kwalliya a lokeshin su ma a daina shafa wa jarumai biyar jan-baki ɗaya.

Na biyar, in ka dawo daga tafiya ana cikin annoba, ka ɗan yi nesa da tsofaffi na 'yan kwanaki, ka gaida su daga bakin ƙofa. In an kawo rigakafi a je a yi. A kuma guji ji-ta-ji-ta: kun tuna wankan ruwan gishirin da aka tashi mutane cikin dare su yi a 2014 saboda Ebola? Ba wanda ya kare. Inda gishiri ke da amfani shi ne in amai da gudawa ya kama mutum a hanya: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya dinga kurɓa har a isa asibiti.

Yaron nan mai fitila ya warke, yanzu ma kyamara ya ke riƙewa. Duk inda mu ka haɗu sai ya zaro ɗan sabulu daga jakar sa ya nuna mani ya na dariya.

Allah ya tsare mu a gida da kan hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina jiran wasiƙun ku.