Wasiƙa a Buɗe Ga Masu Gyaran Wutar Mota Kan Zaɓen Batir



Mai mota ba ya ganin cikin batir, maganar mai gyara yake saya. Don haka zaɓen batir amana ce, kuma da mita ake sauke ta.

Abu na farko shi ne dacewa da motar. Ƙarfin batir a rubuce yake a jikinsa da alamar Ah: ƙananan motoci kan ɗauki 45 zuwa 75, manyan motocin dizal kuwa 100 zuwa sama. A duba faɗin mazauninsa da ɓangaren da kan jar waya yake, don kada a ja waya da ƙarfi kafin ta kai. Motocin zamani masu kashe inji da kansu a danja suna buƙatar nau'in AGM ko EFB, na gama-gari ba ya jimawa a cikinsu.

Na biyu shi ne lafiyarsa. Batir tun a kan kanta yake fara tsufa, domin idan ya daɗe ba caji, wani gishiri kan daskare a farantan dalmarsa. A karanta kwanan watan ƙira, a guji wanda ya wuce wata 6. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin tayar da inji ba. Kumburin gefe, ko shatin sifana a kan batirin da aka ce sabo ne, alama ce ta tsoho da aka yi wa kwalliya.

Na uku, a gwada altaneta kafin a ɗaura sabo. Idan inji na aiki, mita ta nuna 13.8 zuwa 14.4. Altaneta mai rauni ko fambel mai sako-sako zai kashe sabon batir kamar yadda ya kashe na baya.

Zafi ne babban abokin gāban batir. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ruwansa na saurin ƙonewa. Idan batirin mai buɗewa ne, a riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na leda, ban da asid.

Tsohon batir kuwa a miƙa shi ga masu sake sarrafa shi. Kada a fasa shi a gareji ko a gida, domin dalma guba ce, musamman ga yara.