Asibitin kamfani, shekara nawa zai yi a littafi?

A littafin kuɗin kamfanin haƙar ma'adinai kadarori iri biyu ne. Injin haƙa da na niƙa dutse, galibi ana rage darajarsu gwargwadon tan nawa aka fitar daga ƙasa. Gidajen ma'aikata, asibiti, ofis da motocin jigila kuwa ba sa haƙo komai, sai akanta ya raba kuɗinsu daidai wa daida a kan shekaru. Shekara nawa? Nan gizo ke saƙa.

Ƙa'idar lissafin kuɗi ta IAS 16 tana duba tsawon lokacin da kadara za ta amfani kamfanin ne. Asibitin da zai yi shekara 50 a tsaye, idan saura shekara 15 ma'adinin ya ƙare, cikin 15 ɗin ake cinye darajarsa. A lissafi ba laifi. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa ana cusa waɗannan kadarori cikin jimla guda da injuna, mai karatu bai ga komai ba.

Dubi Akokan, kusa da Arlit a Nijar. A can kamfanin COMINAK ya fara fitar da yuraniyom a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ya bar gidaje da asibiti, ga jama'ar da suka dogara da su, ga rufi da famfo masu son gyara.

Ina ganin wajibi ne rahoton shekara ya ware wa irin waɗannan gine-gine layinsu, ya faɗi shekarun da aka ɗiba musu da wanda zai karɓe su. Gwamnatin da ke da hannun jari ta nemi wannan bayani tun ana haƙa.