Mai shiru a kujerar likitan haƙori

Ɗalibin likitancin haƙori yakan ji shakkar majinyaci mai ihu. A ganina mai shiru ne abin damuwa. Da dauriya aka rene mu: dattijo zai ce "ba komai" alhali ya ƙanƙame hannun kujera, gumi na tsattsafo masa. Galibi bai zo ba sai da kanumfari ya gaza, dasashi ya kumbura, ga shi allurar kashe zafi ba ta cika kama wuri mai kumburi ba. Ɗalibin da ya ɗauki shirun nan izini zai cire haƙori mutum yana ji. Gara ya fara gwada dasashin, sannan ya ce: "Baba, in kun ji zafi ku ɗaga hannu, zan tsaya." In hannun ya ɗagu kuwa, to ya tsaya ɗin.